Satar Faifai Mai Kifi

Baba ne ya fara gane an yi ɓarna, shi da ko kunna waya sai an nuna masa. Da safe ya zauna a kujerarsa ta bakin taga kamar kullum, shayi a gefe, ya danna wurin da 'yarsa ta koya masa don ya ji muryar marigayiyar matarsa. Wayar ta yi ta juyi ba ta ce uffan ba. Ya girgiza ta, ya hura mata iska a gindi, ya sake dannawa, shiru. Sai ya ƙwala wa 'yar kira.

Injiniya ake ce mata a gidan, saboda gyaran kwamfuta take yi a wani shago na bakin titi. Ta sauko da ɗankwali a hannu, ta buɗe ƙaramin kabad ɗin da ke ƙarƙashin matakala, ta tsaya tana kallon ciki. Ba ta yi ihu ba. Zama ta yi a kan matakalar, ta kira kawunta a waya.

Kawu ya iso kafin shayin Baba ya gama hucewa. Ƙanin marigayiyar ne, dogo, mai tafiya yana kallon ƙasa kamar wanda ya yar da allura. Da ƙuruciyarsa sawun dabbobin sata yake bi, daga baya ya yi gadin wani babban sito har ya gaji ya ajiye. Yanzu ba shi da sana'a sai tambaya. Mutum ne da in ya ga sabon kwaɗo a ƙofar maƙwabci, abinci ba ya wuce masa sai ya san abin da ya sami tsohon. Baba kuwa Sarkin Sawu yake ce masa, rabi girmamawa rabi tsiya, irin ta miji da ƙanin mata.

Ya tarar mutanen gidan sun cika bakin matakala, kowa da hukuncinsa a baki. Gidan haya ne mai bene, ƙofar shiga ɗaya. Tela, mai shago a ƙasa, ya rantse mai sayen jari ne, mai bin gidaje yana tara tsofaffin ƙarafa, don jiya da idonsa ya gan shi yana leƙe da buhu a kafaɗa. Direba, wanda ɗakinsa ke kallon matakalar, ya goya masa baya da ƙarfin da ya wuce kima. Nas ta sama ta dawo ke nan daga aikin kwana, ta ɗan tsaya a baya, ta raɓa ta haye da jakarta. Kawu ya bari suka gama shari'arsu har da ɗaurin, sannan ya roƙi kowa ya ja baya, duk da sun riga sun tattake duk abin da zai duba.

Da ya durƙusa gaban kabad ɗin, abin da ya gani ya ɗauke masa hankali har ya kusa manta sata aka kira shi. Wani ɗan koren allo ne da bai wuce tafin hannu ba, cajar waya ke ba shi wuta. A samansa wasu shafaffun ƙarafa, kowanne bai fi ƙaramar waya girma ba, suna reto a jikin robar tayar keke da aka yanka aka ɗaure. Wuri ɗaya robar na lilo babu komai a cikinta.

Injiniya ta yi masa bayani a hankali, don ta san halinsa, in aka tsallake masa mataki ɗaya sai an dawo. Ƙarafan nan faifan ajiya ne, irin wanda ke cikin kwamfuta, koren allon kuma 'yar kwamfutar da ke kula da su ce. A shagonsu akwai tulin matattun laftof da masu su suka bari shekara da shekaru ba su waiwaya ba, kuma sau da yawa kwamfuta takan mutu faifanta na nan da ransa. Da izinin mai shago take ciro su, ta goge abin da ke ciki ba tare da ta duba ba, ta kawo su nan. Mutanen gidan ta waifai, ba sai sun jona komai ba, suke zuba hotunansu da takardunsu, kowa da sashensa da makullinsa, har sun raɗa wa kabad ɗin suna Rumbu. Robar kuwa don kada gurnanin faifan ya bi katako ya hana Direba barci. Babu fanka, wutar da yake ci ba ta kai ta ƙwan fitila ba, in ba mai nemansu ma barci faifan suke yi.

Kawu ya gyaɗa kai. Akuya in aka ɗauke ta takan yi kuka, sauran garken su taya ta. Wannan dabbar an hore ta da shiru, ta kuma bi ɓarawo a shirun.

Ya tambayi yadda take bambance su, tunda duk kamar 'yan ɗaki ɗaya suke. Ta ce ba ta rubuta suna, ba ta ma san masu su ba. Sitika take ɓamɓarowa daga murfin laftof ta manna wa faifansa. Ga mai tauraro, ga mai ƙwallo. Wanda ya ɓata shi ne mai kifi, mafi tsufa kuma mafi ƙarancin ciki, na iyalinsu kaɗai.

"Kawu, muryar Umma na kansa," ta ce.

Saƙonnin murya ne da mahaifiyar ta riƙa tura mata lokacin tana karatu a nesa, faɗa da nasiha da dariya, ta tattaro su daga tsofaffin wayoyin da tuni suka lalace. Da ma faifan bibbiyu suke riƙe abu ɗaya, in ɗaya ya mutu ɗaya na nan. To abokin mai kifi ya mutu makon jiya, a gaban mutanen gidan ma ta cire shi, tana kan neman madadi ke nan.

"In wanda ya ɗauka ya jona shi a kwamfuta irin ta kowa, ba za ta gane shi ba," ta ce. "Za ta tambaye shi ko ta goge. In ya ce eh, shi ke nan."

Kawu ya sake duba robar. Ba yanke ta aka yi ba, kwancewa aka yi, ƙulli bayan ƙulli. A iya saninsa ɓarawo ba shi da wannan haƙurin.

*

Duk da haka ya fara da mai sayen jari, don ya rufe bakin gidan. Ya same shi a bayan layi, zaune cikin tsofaffin fankoki da murhu, yana fere waya. Da ya ji zargin da ake masa dariya ya yi har da buga cinya. Ya ce in da shi ne, caja da wayoyin tagulla zai kwashe, ya bar musu faifan, don abin ko sikeli ba ya motsawa. Leƙen jiya kuwa mataccen dutsen gugar Tela yake nema, wanda Telan da bakinsa ya yi masa alkawari.

Ya laluba cikin wani bokiti ya ciro wani faifan da ya taɓa fasawa da guduma, ya miƙa masa. A ciki akwai wani zagayayyen ƙarfe mai sheƙi, da ɗan siririn hannu a kansa kamar na agogo. Kawu ya ga fuskarsa a jiki tas, har da furfurar da madubin gidansa ke ɓoye masa. Ya juya shi, ya kanga shi a rana, ya kai kunne. Yadda muryar mutum za ta kwanta a jikin wannan madubin ba tare da ko ƙarzane ba, abin ya ɗaure masa kai ƙwarai, ya kuma ji daɗin ɗaurewar. Sai da mai jarin ya yi gyaran murya sannan ya tuna yana da aiki a gabansa. Abu ɗaya ya fito da shi daga wurin: wanda ya ɗauki mai kifi ba ƙarfe yake so ba, abin da ke ciki yake so.

*

Direba ya tarbe shi da fara'ar da ta yi yawa, ya jawo masa kujera, ya fara ba shi labarin tsadar taya. Kawu ya bar shi ya yi nisa, sannan ya tambaye shi me ya kai baƙin man mota jikin soket ɗin da ke cikin kabad, tunda dai Injiniya ba ta gyaran mota.

Nan take labarin taya ya mutu. Direba ya leƙa waje, ya rage murya, ya amsa laifin da ba shi aka zo nema ba. Soket ɗin ɗakinsa ya ƙone tuntuni, shi ne yakan saci jiki ya zare cajar Rumbu ya sa babbar tocilarsa ta ɗan sha wuta. Ai abin ba ya ƙara, ba ya haske, shi a ganinsa ko an zare ko ba a zare ba duk ɗaya. Da faifan nan ya mutu makon jiya, barci ƙaurace masa ya yi, yana ganin shi ya kashe shi. Shi ya sa da safe ya yi saurin tura mai jari gaba.

Kawu ya so ya yi dariya, amma ya riƙe, ya tambaye shi jiya fa. Direba ya ce jiya da magariba ya je, sai ya tarar an riga an kashe soket ɗin. Ya ɗauka Injiniya ce, ya yi cajinsa, ya mayar, har ya kunna mata don ya ga alama mantawa ta yi. Bai ɗaga kai ya ƙirga faifan ba, mai sata wuta ina ya ga ta ƙirge.

Ke nan ba cikin dare aka yi satar ba. Kafin magariba aka yi ta, kuma ɓarawon sai da ya kashe wuta tukuna kafin ya taɓa komai. Kawu ya fito yana jujjuya wannan ladabin a ransa.

*

Nas ta buɗe ƙofa idanunta jajur, ta gaishe shi da Kawu kamar yadda kowa a gidan ke yi. Ba ta daɗe da tarewa a gidan ba, ita kaɗai take zaune, kuma Injiniya ta gaya masa ita ce kaɗai ba ta taɓa zuba ko hoto ɗaya a Rumbu ba. Ta ce kafin magariba ta fita aiki, ba ta ga kowa ba sai Tela a kan kekensa. Ta bayan kafaɗarta ya hango ɗakin, tsaf kamar ba a kwana a cikinsa, bangon babu ko kalanda.

Har ya juya, sai ta tambaye shi wai me ke cikin abin ne da hankalin kowa ya tashi haka. Ya gaya mata muryar yayarsa ce, kuma babu ita a ko'ina a duniya sai nan. Ta dafa bakin ƙofa, ta ce Allah ya bayyana, ta rufe a hankali. Kawu ya ɗauka gajiya ce da taushin zuciya, don masu aikin jinya ma mutane ne.

*

Baba bai taɓa shayinsa ba. Amma da ya ga Kawu sai da ya samo ƙarfin tsokana, ya ce ashe Sarkin Sawu in an ɗora shi kan siminti makaho ne. Kawu ya ce gara makahon da ya fita nema da mai idon da ke hura wa waya iska. Suka ɗan dara, dariyar ba ta yi nisa ba.

Baba ya ce ba wani abin kirki take faɗa a saƙonnin ba, rabi ƙarar shi take kai wa 'yarta, wai ba ya shan magani, wai ya ɓatar da makulli. Amma da ita yake buɗe safiya, in ya ji ta sai ya ji gidan ya cika. Kawu ya sunkuyar da kai. Shi tun rasuwarta bai yarda ya saurari ko ɗaya ba. Duk lokacin da aka miƙo masa wayar sai ya ce wata rana, don yana tsoron abin da zai yi a gaban mutane. Yanzu ya gane wata ranar tana iya ƙin zuwa, tsoro na gaske ya kama shi.

Ya sauko ya ari tocilar Direba, wadda ta ƙoshi da wutar sata, ya kwanta ruf da ciki a gaban kabad ɗin kamar yadda yakan kwanta a bakin rafi yana karanta kofato. Can ciki, ta baya, ya ga wayar da aka zare daga mai kifi. Ba a bar ta tana lilo ba. An ɗaga bakinta an manne shi a jikin katako da farar filasta, nesa da duk wani ƙarfe. Ƙarshen filastar kuma an ɗan naɗe shi ciki, ya yi ɗan kunne, yadda mai cirewa zai kama ba wahala.

Ya kira Injiniya a shago ya tambaye ta ko aikinta ne. Ta ce ta gani da safe bayan ya gama dubawa, ta ɗauka shi ya manna. Ita baƙin salatif take amfani da shi, da haƙori ma take yankewa.

*

Tela na kan keke yana surfa wa mai jari zagi a bayan idonsa, ya ɗaga hannu yana nuna yadda buhun yake. Kawu bai ji ko kalma ɗaya ba, babban yatsan mutumin yake kallo. Farar filasta ce a jiki, ƙarshenta da ɗan kunne. Murna ta kama shi, irin wadda ya daɗe bai ji ba. Ga mai zargin wani tun da safe, ga shi a gida jiya da yamma, ga filasta.

Ya zauna a kan tulin yadi, ya jajanta masa ciwon, ya ce amma ya iya ɗauri da hannu ɗaya. Tela ya ce ina, shi da ya ga jini jiri ke ɗibarsa. Allurar keke ce ta huda shi shekaranjiya, Nas ta ɗaure masa. Ya yaba hannunta, ya nuna masa kunnen, ya ce haka take yi kullum, wai don kada majinyaci ya sha wuya ranar cirewa.

Murnar Kawu ta koma ciki. Ya san wa, amma bai san dalili ba, kuma rashin sanin dalilin ya fi komai cin sa. Me mai aikin jinya za ta yi da muryar matar da ba ta taɓa gani ba?

*

Bayan la'asar ya tara su a falon Baba, har da mai jari, wanda ya zo da wankakkiyar riga don a ga mutuncinsa. Kawu ya fara wanke shi a gaban kowa, Tela ya sunkuyar da kai yana gyaran hula. Direba kuwa Kawu ya bar shi ya faɗi nasa da bakinsa, Injiniya ta yi masa kallon da ya sa ya yi alkawarin gyara soket kafin ya kwanta.

Sai Kawu ya ciro naɗin filasta da guntun waya daga aljihu. Ya ce shi tsoho ne, akwai abin da yake so ya koya, kowa ya manna masa wayar nan a jikin tebur. Mai jari ya lafta ta a karkace. Direba ya naɗe ta kamar mai ɗaure bututun mai. Tela ya nemi almakashi. Aka miƙa wa Nas, hankalinta na wani wuri, hannunta ya yi aikinsa shi kaɗai: ta yanka, ta naɗe ƙarshen, ta manna, ta shafa da yatsa.

Ta tsaya tana kallon ɗan kunnen da ta yi. Kawu ya ajiye wanda ya ciro daga kabad a kusa da shi.

Nas ta jawo jakarta ta ciro wani abu naɗe cikin auduga da bandeji, ta ɗora a tebur ta warware. Faifan ne, da ɗan shuɗin kifi a jikinsa wanda babu rabin jelarsa. Tela ya buɗe baki, Baba ya ɗaga masa hannu ya rufe.

Ta yi magana ba ta kalli kowa ba. Tana da ɗa, ya rasu shekarun baya bayan 'yar gajeriyar jinya. Duk hotunansa na cikin laftof ɗinta, wadda ya cika wa murfi da sitikar kifi. Ba a daɗe da rasuwarsa ba laftof ɗin ta ƙi tashi, ta kai shagon bakin titi aka ce mata ta mutu. A lokacin ba ta da ƙarfin jin kalmar nan karo na biyu, ta juya ta bar ta a kan kanta, ba ta sake komawa ba. Makon jiya da Injiniya ta buɗe Rumbu, ta hango kifin yana reto.

"Na san shi," ta ce. "Shi ya cinye masa jela da haƙori."

Injiniya ta tambaye ta a hankali me ya hana ta yi mata magana. Ta ce tsoro, kada a ce mata an goge. Ta so ta gani da idonta ita kaɗai, ta mayar kafin a farga. A wurin aiki ta ari wayar jonawa ta jona shi a kwamfuta, kwamfutar ta tambaye ta ko ta goge, ita kuwa ba ta ba majinyaci maganin da ba ta sani ba, sai ta zare. Wajen zarewar ya suɓuce ya faɗi ƙasa. Da ta sake jonawa sai ta ji yana ƙas, ƙas. Da safe da Kawu ya gaya mata abin da ke ciki, ta rasa ta inda za ta fara.

*

Injiniya ta ɗauko kayan aikinta ta ba faifan wuta na ɗan lokaci, ta kara a kunne, ta yi maza ta kashe. Fuskarta ta gaya wa kowa kafin bakinta. Hannun ciki ya bugu, ta ce, zai iya karantawa na ɗan lokaci, amma duk juyin da ya yi ƙara kashe kansa yake.

Sai ta ƙara da abin da ya sa Nas ta ɗago kai. Sauran faifan gogewa mai zurfi take musu, wadda ba ta barin komai. Wannan da ta ga ya tsufa ta tausaya masa, ta yi masa ta sama-sama. Inda muryar Umma ba ta hau ba, wataƙila tsofaffin hotunan na nan kwance. Sai dai a wurare daban suke, kuma ba ta jin zai kai ta duka biyun. Dole a zaɓi wanda za a fara nema.

Nas ta ce babu wani zaɓi, a ɗauki muryar, ita ce ta yi sata. Kowa ya juya yana kallon Baba.

"Ya kai nawa, yaron?" Baba ya tambaye ta.

"Bai isa shiga makaranta ba, Baba."

Ya juya wayarsa a hannu, ya kife ta a kan cinya. "Ni na ji muryar nan har na yi furfura, rabi ma faɗa take min. Fara da yaron."

"Baba, Umma ce fa," in ji Injiniya.

"Na san ko wace ce. In ta ji na sa ta gaba na bar ɗan mutane a baya, ba zan sha da daɗi ba." Ya waiwayo ya dubi Kawu, babu tsokana a idonsa ko kaɗan. "Kai fa? 'Yar'uwarka ce, kuma kai ba ka ji ba."

Kawu ya so ya ce a ba shi ko saƙo ɗaya, ko da na ƙarar makulli ne, ya so ƙwarai. Ya kalli hannun Nas da ke murza audugar nan, ya ce a fara da yaron.

Injiniya ta share ido da bayan hannu, ta rataye faifan a roba tsakanin ƙafafun kujera don kada ya ji ko motsin tebur, ta kunna. Ba wanda ya tafi, ko Tela da ke da ɗinkin mutane. Aka daɗe allon babu komai sai rubutu yana gudu. Can hotuna suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, yawancinsu rabi, sama hoto ƙasa toka. Ga goshi da ido ɗaya, ga wata ƙafa cikin takalmin babba. Sai ga ɗaya cikakke: yaro tsaye a bakin famfo, ya kifa bokiti a kai, yana dariya da haƙora biyu. Nas ta yi wani sauti tsakanin dariya da kuka, ta zame daga kujera ta durƙusa gaban allon.

Da hotunan suka ƙare Injiniya ta juya da sauri wajen muryar. Faifan ya yi ƙas, ya sake yin ƙas, ya tsaya. Ta kashe ta kunna, ta canza waya, ta ɗumama shi a tafin hannunta ta sake gwadawa. Bai ƙara juyawa ba. Ta kifa kai a kan tebur, Kawu ya dafa kafaɗarta, shi ma idonsa ya cika.

Nas ta juyo a durƙushe za ta fara ba da haƙuri, Baba ya girgiza mata kai. Ya daɗe yana kallon taga. Sannan ya laluba aljihu ya ciro tabarau, ya matsa gefe a kan doguwar kujerar ya buɗe mata wuri.

"Taso ki kawo min shi nan in gan shi da kyau," ya ce. "Wa ya ba shi bokitin?"